Carbin Baba da Ɓerayensa

Jiya na bi ta wurin kafintoci a Karmo, ƙanshin garin katako ya buge ni, sai ga Baba, tsohon maigidana a wurin aiki, a raina. Irin garin nan muke shimfiɗa wa ɓerayen gwaji a ɗakin bincikensa, inda na daɗe ina aiki a ƙarƙashinsa.

Ranar da na kasa gane aikin, carbinsa ya ciro. Ya ce, "Kin ga wannan ƙwayar? Ɗauke ta a matsayin ƙwayar halittar da ke sa jiki ya samar da abin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Amma mai ba ta umarni tana can nesa a kan zaren halittar da muke gada daga iyaye." Ya lanƙwasa carbin har ƙwayoyin biyu suka haɗu. "Sai sun taɓa juna take aiki. In muka gane wannan a jikin ɓera, 'yata, masu sikila za su samu sauƙi." Ya san ɗana yana fama da ita.

Sai wani darakta, wanda bai taɓa leƙa ɗakin ba, ya sa hannu daga ofishinsa a kwashe ɓerayen, wai suna wari, a mayar da wurin ɗakin taro. A kwalaye aka fita da su, Baba yana kallo. Ban sake jin dariyarsa ba har ya rasu.

Daraktan nan har ta'aziyya ya zo, yana cewa an yi babban rashi. Ban amsa gaisuwarsa ba, kuma wallahi ban yafe ba.

Allah ya jiƙan Baba. Shi kuwa, Allah ya lanƙwaso shi kamar carbin nan, ya haɗa shi ido da ido da Baba ranar hisabi, ina tsaye ina kallo.