Mutumin da Ba Ya Nan, In Yana Nan

A Jiratawa na tashi, zamanin da kumandan Nasara ke zaune a Maraɗi yana aiko wa kowane gari yawan mazan da yake so a kai masa aikin hanya. Ban san shekaruna ba a lokacin. Na dai san haƙoran gabana sun fita sun sake tsirowa, kuma ina iya ɗauko ƙaramin tulu daga gulbi ban zubar da rabi a hanya ba.

Kakata ta wajen uba 'yar Tsibiri ce, aure ya kawo ta garinmu. Ba ta salla. Mutanenta Anna ne, masu yi wa iskokin gona yanka kafin shuka, kuma har ta mutu ba ta bar hanyarsu ba. In an gama girbi sanyi ya shigo, takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta muna miƙa tafin hannu. Ba mace ce mai fara'a ba. In yaro ya yi dariya inda ba wurin dariya ba, takan dube shi har sai ya haɗiye ta. Duk da haka ba wanda ke fashin zuwa, don tatsuniyoyinta ba irin na sauran tsofaffi ba ne. Nata da tambaya suke ƙarewa, ta bar mu muna cacar baki har wuta ta mutu.

Na tuna wata da ta ba mu ta maƙerin da ya ƙera gatarin da ke sare kowane itace, da bokan da ya dasa itacen da ba ya saruwa. Kwana uku muna faɗa a kan wanda zai ci nasara in sun haɗu. A na huɗu ta ce, "Garin da ke da wanga gatari ba shi da wanga itace. Ku kuka haɗa su gari guda, don ku samu abin faɗa." Haka take. Ba ta yabo, ba ta rarrashi.

A shekarar da nake magana, sunan babana Nomau ya fito cikin waɗanda za a kai aikin tilas. Ƙaninsa Barmo ya tafi bara waccan, abin da ya dawo mana shi ne rigarsa a hannun wani mutumin Tsibiri. Maza da yawa in sun ji sunansu sukan tsallaka Jibiya, ƙasar Ingilishi, su zauna har abin ya lafa. Babana bai iya ba, don innata na da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, kuma biyun da ta yi kafin nan ba su zo da rai ba. Sai aka wayi gari aka ce mana Baba ya tafi Jibiya. Aka ce duk wanda ya tambaye mu, haka za mu ce.

Ni kuwa tun ina ƙarama idona ba ya zama wuri ɗaya. Rumbunan unguwarmu a jere suke bayan danga, sun fi ashirin, kowanne an cika shi da dammunan gero an kife masa hular ciyawa. Na lura Kaka na zuwa ɗibar gero da magariba, ita da ba ta taɓa ɗiba sai da safe, kuma ƙwaryarta a rufe take tafiya da ita. Na bi ta. A rumbu na uku daga gindin gawo ta ɗaga hular kaɗan, sai na ga hannu ya fito ya karɓi ƙwaryar. Na san hannun, akwai tabon lauje a babban yatsa. Da ta juyo ta gan ni tsaye. Ta wuce ni kamar kututture.

A wannan daren ne ta ba mu tatsuniyar Baƙon Magariba.

"Ku matso," in ji ta, "ga ta ta iso ƙofa."

Muka ce ta shigo.

Ta ce a wani gari can gefen gulbi akwai wani abu da ke zuwa in rana ta faɗi. Ba shi da fuskar da za a kwatanta, murya kawai gare shi, mai ladabi kamar ta baƙon kirki. Yakan tsaya a ƙofar gida ya ce, "Ba kowa?" In ka ce akwai, ya shigo ya cinye ka. In ka ce ba kowa, ya yi 'yar dariya ya ce, "To wa ke magana?" ya shigo ya cinye ka. In ka yi shiru, ya shigo ya duba da kansa. Gida gida yana bi, har garin ya kusa ƙarewa. Amma shi ma a ɗaure yake, don ya yi rantsuwa uku gaban sarkin iskoki: ba zai faɗi ƙarya ba, ba zai bar gidan da ya shiga ba sai ya faɗi abin da ya tarar, kuma duk wanda ya tarar a ciki sai ya cinye shi.

Akwai wata mace mai ginin tukwane, da ɗanta guda. Ranar da layi ya zo kansu ta tura yaron kan bishiya, ita kuma ta fita ta tsaya bayan danga. Da abin ya zo ya yi tambayarsa, sai ta amsa daga waje, "Shiga ka duba, ni ma ka faɗa mini." Ya shiga. Ya buɗe tukwane, ya ɗaga tabarmi, ya leƙa murhu, bai ga ko ɓera ba. Ya juyo zai fita, ƙafa ɗaya ta kai bakin ƙofa, sai matar ta ce, "To, da kowa a ciki?"

Ya buɗe baki zai ce ba kowa. Ta ce, "Kai fa, ina kake tsaye?"

Nan Kaka ta dakata ta gyara karan da ke ci. Sannan ta ce, "In ya ce ba kowa, ya yi ƙarya, ga shi ciki. In ya ce akwai, sai ya cinye wanda ya tarar, kuma kansa kaɗai ya tarar. Hita kuwa babu, sai ya faɗa. Shina nan tsaye. Danga ta zube, ɗaki ya rushe, gari ya tashi ya bar kufai, shina nan tsaye. Masu dawowa daga kasuwar Tsibiri in magariba ta riske su wajen, suna jin shi yana fara magana yana katsewa. Na sauke ta nan, mai so ya ɗauka."

Can wata 'yar maƙwabta ta ce, "Kaka, to a gaskiya da kowa ko ba kowa?"

"Ke ma kina so ki je ki tsaya kusa da shi?" in ji Kaka. "Akwai tambayar da ba a yi ta don a amsa ba. An yi ta don ta riƙe mutum." Sai ta juyo ta dube ni, ni kaɗai, ta tsallaken wutar. "Rakiya. In baƙo ya miƙo maki tambaya mai ƙafa guda ciki guda waje, kar ki karɓa. Bar ta ta faɗi ƙasa. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Na kwanta ina jin kaina babba, don na gane da ni ake.

Washegari da hantsi suka zo, gardi biyu, dogaran kumandan masu jar hula, da tafinta cikin farar riga. Gardin suka shiga ɗakuna suka birkice kaya, suka zuba wa rumbunan ido ta saman danga, amma buɗe ashirin da wani abu aikin yini ne, kuma masu su na tsaitsaye suna kallo. Tafintan bai taɓa komai ba. Ya gaida Kaka da ladabi har da rusunawa.

"Iya, ina Nomau?"

Ta kau da kai. "Ban san mai wanga suna ba."

Ya yi murmushi ya ce wa gardin, "Ɗan farinta ne. Ko a gabanta yake zaune, haka za ta ce." Gaskiya ya faɗa. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane, kuma shi Bahaushe ne, ya san ba abin da zai samu a nan. Ya leƙa ɗakin innata, ta ce daga kwance ya tafi Jibiya. Ya yi mata fatan sauka lafiya. Sannan ya zo ya tsuguna a gabana, har ina jin ƙanshin goro a bakinsa.

"Wagga ɗiyar Nomau ce, ga goshin nan. Babanki ya tahi Jibiya ko?"

"Ya tahi."

"Na yarda. Haka zan gaya wa kumandan, magana ta ƙare." Ya yi kamar zai miƙe, ya koma. "An ce yaran gidan nan ba a kayar da su a kacici-kacici. Bari in gwada ki, ko ƙarya ake. Mutumin da ya tahi Jibiya ba shi nan, ko ba haka ba? To wanga mutum da ba shi nan, in shina nan, ina yake kwana?"

Na gane ta nan take. Ga ƙafa guda ciki, ga guda waje. Raina ya yi fari, don na ga irin ta jiya ce, kuma ni ce mai ginin tukwane. Na ji Kaka ta yi gyaran murya a bayana, ban kula ba. Na juya tambayar a kaina sau ɗaya don in ga inda ta karye, na ɗaga kai na ce, "Wanda ba shi nan ba shi kwana nan."

"Madalla," in ji shi. "Kin fi alƙali." Ya shafa kaina ya miƙe, ya nuna da leɓe ya ce wa gardin, "Na uku daga gawo."

Ba bakina yake saurare ba. Kafin in ga cewa tambayar ba ta da gindi, sai da na tsayar da mutumin a zuciyata, ba ya nan kuma yana nan, zuciyar kuwa ta kai shi inda ta san yake. Idona ya bi ta. Ƙiftawa ɗaya ce, ta saman danga, ni kaina ban san na yi ba.

Suka fito da shi da ƙaiƙayi a gashinsa, yana kare ido daga rana. Suka ɗaura masa igiya a ƙugu. Bai yi gardama ba, ya ce kawai a bar shi ya leƙa innata, suka ƙi. Da za su wuce ta tsakar gida Kaka ta juya masa baya, kamar yadda ta saba yi tun yana yaro, amma na ga hannunta ya kama turmi ya riƙe har jijiyoyin suka tashi. Ko a ranar ba ta kira sunansa ba. Innata ta haihu kwana huɗu bayan haka, namiji, ya rayu. Babana bai gan shi ba. Da damina ta biyu wani da suka yi aiki tare ya dawo ya ce ciwon ƙirji ya kama shi, sun rufe shi a gefen hanyar da suke yi, bai iya kwatanta mana wurin ba.

Ba wanda ya ga idona sai tafintan da Kaka. Ba ta gaya wa kowa ba, ba ta doke ni ba. Ta ci gaba da hura wutarta, tana ba da tatsuniya, ni ina zama can baya inda haske ba ya kaiwa. Sai da na isa aure na iya yi mata maganar. Tana tsinke zogale na durƙusa na ce, "Kaka, da ban duba ba..."

"Kin duba," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Yarinyar da ta duba, in ba ta duba ba. Ba ki ji irin tambayar wa ce ba? Tashi ki kawo mini faifai."

Iyakar rarrashin da na samu ke nan, kuma na daɗe kafin in gane rarrashi ne.

Yanzu na tsufa a Sabon Gari cikin Maraɗi, na ga masu ilimi iri iri. Na ji ɗaliban malamai a zaure suna tambayar ko Mai iko duka zai iya yin abin da zai gagare shi, na ji 'yan lakwal, wato 'yan boko, suna kawo nasu, suna dariya suna cewa irin waɗannan ba su da amsa, wasa ne. Ba na sa musu baki. Kaka ta yi gaskiya, itacen da gatarin ba sa zama gari ɗaya, kuma mutumin da ba ya nan ba shi da makwanci a nan. In duniya aka tambaya, ba ta da abin cewa. Amma ba duniya ake tambaya ba, mutum ake tambaya, shi kuwa ba ya iya jin "in" ko "da" bai gina abin a ransa ba, kuma da kayan da yake da su yake ginawa. Wanda ya iya kallo, a ginin nan zai ga abin da ka ɓoye. Shi ya sa in aka yi tambaya a gabana ba ita nake fara dubawa ba, mai yin ta nake duba, in ga ina idonsa yake.

Na yi shekaru ina neman wanda zan ɗora wa, kumandan, ko tafinta, ko tsohuwar da ta koya mini gane tarko ba ta koya mini sunkuyar da kai ba. Kowannensu na da rabonsa. Amma in na zauna ni kaɗai na san yadda aka yi. Bakina ya tsare babana a ranar, idona ya ba da shi, kuma duka biyun nawa ne.