Abin da Ya Baƙanta Ruwan Kwamfutata

Ni ba na yarda abu ya lalace da kansa. Idan ya ɓaci sai na nemi hannun da ya ɓata shi, kuma ban cika rasa wanda zan zarga ba. Yumma, mahaifiyata, takan ce da za a ba ni aikin ɗan sanda, da rabin mutanen unguwarmu ta Dar Salam suna tsare.

A shekarun nan sana'ata haɗa bidiyon biki ce. Masu ɗaukar hoto su kawo mini abin da suka ɗauko a wajen lalle da walima, ni kuma in yanke, in jera, in sa kiɗa. Ɗakina na tubalin ƙasa ne da rufin kwano, zafin Omdurman kuwa ba ya raga wa mutum balle inji. Da rana ta take sai fankar kwamfutar ta kama ihu kamar injin markaɗe, aiki ya yi nisa, ta ɗauke ɗif. Masu biki suka fara kai aikinsu wani wuri.

Daidai lokacin ɗan kawuna ya dawo daga haƙar zinariya a arewa, da sabuwar waya da fuska duk ta ƙone. Kullum yana gidanmu shan gahawa a ƙarƙashin rumfa, kullum magana ɗaya: "Ya zol, rabu da akwatin nan mu tafi dahab, inda zinariya take." Wata rana haushi ya kama ni, na ce masa idan kwamfutar ba ta daidaita ba kafin bukukuwan bayan Sallah, zan bi shi. A gaban Yumma na faɗa. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da dakan gahawarta. Tun rasuwar mahaifina ni kaɗai ne ke gidan tare da ita, 'yan'uwana mata duk aure ya kai su nesa.

Na ji ana cewa ruwa ya fi fanka sanyaya kwamfuta, sai na hau bas na haye gada zuwa Khartum. Mai shagon da na samu kayan a wajensa mutum ne mai yawan rantsuwa, abin da ya sa tun farko ban sake da shi ba. Na buɗe kwalin a gabansa, na juya famfon, na hura lagireton da baki, har sansana tiyon na yi. Ya ce, "Wallahi ko amarya ba a dubawa haka."

A gida na kwance tsohuwar fankar, na goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, na ɗiga sabo kamar ƙwayar dawa, na ɗaure farantin tagulla a kai. Lagireto ya hau sama, famfo ya zauna a ƙasa, na yanka tiyo da reza na haɗa su. Na zuba ruwan batir da ɗigon wani shuɗin magani mai hana gansakuka, na shimfiɗa takarda a ƙarƙashin kowace mahaɗa, na kunna famfon shi kaɗai ina jiran in ga inda zai yi yoyo. Yumma ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ruwa da kahraba, wutar lantarki, a akwati ɗaya? Allah ya kyauta." Ko ɗigo bai fita ba. Kwamfutar ta yi shiru, ta yi sanyi, na dawo ina tafiya a tsakar gida da ƙirji a buɗe.

Daɗin abin ne ya sa na ƙara. Na shigar da katin hoto cikin zagayen ruwan, na sayi babban tanki mai murfi, wanda bai shiga akwatin ba, sai na ajiye shi a kan tebur kamar kofin shayi. Ashe lagireton ya yi wa kayan biyu kaɗan. Da la'asar zafi yakan ɗan hau, ni kuma in fito ina mita, duk gidan ya ji.

Daga nan ruwan ya fara sauya launi. Shuɗin ya dushe ya koma toka-toka, famfon ya fara nishi, zafin da yake ɗan hawa ya koma hawa sosai. Na ɗura ruwan a kwalba na koma Khartum da faɗa a bakina. Mai shagon ya ɗaga kwalbar ya duba a hasken rana, ya ce, "Wannan ba ruwan batir ba ne kaɗai. Akwai mai ƙara mata wani abu a gidanku." Na ce masa duk mai sayar da jabu haka yake faɗa. Amma maganar ta biyo ni har cikin bas.

Na wanke tankin, na zuba sabon ruwa, na ja layi da biro daidai inda ya tsaya. Bayan 'yan kwanaki ruwan ya wuce layin. Ruwa dai raguwa yake yi a garin nan, ban taɓa jin inda ya ƙaru da kansa ba. Nan take zuciyata ta tafi kan ɗan kawuna. Wa zai ji daɗi idan kwamfutar ta mutu? Wa ke shiga ɗakina da sunan cajin waya? Na fara lura da hannunsa, da aljihun jallabiyarsa, da yadda yake tambaya, "Yaya mara lafiyarka?" yana murmushi. Na ce masa, "Ka san me ke sa ruwa baƙi?" Ya ce, "Zuciyar mai shi," ya kwashe da dariya. Dariyar nan ta ƙara tabbatar mini.

Na sayi kwado na kulle ɗakin. Idan zan fita sai in ba Yumma makulli in ce, "Kada ki ba kowa, musamman shi." Ta ce, "Khalas, ba zan ba kowa ba." Duk da haka ruwan ya ci gaba da baƙi. Na ce lallai ya yanko wani makullin, har na fara tunanin ko sun haɗa baki da mai shagon, mutanen da ko a hanya ba su taɓa gamuwa ba. Sallah na matsowa, ni kuma ko bidiyo ɗaya ba na iya gamawa ba tare da ta ɗauke ba.

Wata safiya na ɗaga murya na ce zan je unguwar Aljirif kai aiki, sai yamma zan dawo. Na fita, na zagaya, na zauna a bayan shagon maƙwabcinmu inda nake hango ƙofar gida. Rana ta yi ta dukana, ɗan kawuna bai zo ba. Na gaji na shiga gida raina a ɓace. Ƙofar ɗakina a buɗe take.

Yumma ce. Ta sunkuya a kan tebur, murfin tankin a gefe, ta ɗora matacin shayi a bakinsa, tana tsiyaya wani baƙin ruwa daga ƙaramin kofi a hankali, leɓenta na motsi. A jikin ƙafar tebur an jingine allo. Na san allon. Mahaifina malami ne, yakan yi wa marasa lafiya rubutun sha, wanda a nan ake ce wa mihaya. Wannan shi ne na ƙarshe da ya rubuta kafin ciwo ya kwantar da shi, ba a kai ga wanke shi ba. Tun ranar Yumma ta naɗe shi a tsohon mayafinta ta sa a ƙasan akwati, ko mu ba ta bari mu taɓa. Yanzu fuskar allon ta kusa zama fara, layi-layi take wankewa.

Na gane komai a tsaye. Tawadar nan kunkunniya ce da ƙaro, ƙaron ne ya toshe siraran hanyoyin ruwa na cikin tagullar. Tana zubawa famfon na ƙara nishi, yana nishi tana ƙara zubawa. Yanzu dole sai na kwance komai na bi shi da buroshin haƙori kafin ya sake aiki. Faɗa ya taso mini, na rasa inda zan sauke shi.

"Yumma, me kike yi?"

Ba ta firgita ba. Ta mayar da murfin ta ɗaure shi sosai. "Ina jin ta tana nishi, ya waladi. Babanka ya yi wa mutane da yawa sun tashi. Na ce ko ita ma." Ta goge hannu da gefen mayafi. "Kai ka ce idan ta warke ba ka tafiya."

Na ƙura wa allon ido. Ta ga inda nake kallo ta ɗauka ko tsoro nake yi maganin ya ƙare. Ta ce, "Kada ka damu, saura bayan." Ta juya allon. Ɗaya gefen cike yake da rubutun mahaifina, baƙi wuluk, da 'yar karkatar nan tasa da na manta da ita. Babu wani abu da hannunsa ya rubuta da ya rage mana a duniya sai wannan gefen. Tausayinta ya kama ni, na zauna a bakin gado.

Na ce, "Ki mayar da shi akwati. Ko ta warke ko ba ta warke ba, babu inda za ni."

Ta ce, "Za ka faɗa wa ɗan kawunka?"

"Yau ɗin nan."

Ta ɗauki allon ta fara naɗe shi, sai ta tuna da kofin, akwai saura a ciki. Ta miƙo mini. "To sha, kada ya tafi a banza."

Na karɓa da hannu biyu na shanye. Ɗanɗanon hayaƙi ne da ƙaro, irin wanda mahaifina yake ba ni ina yaro idan na yi zazzaɓi. Ta tsaya a kaina har sai da ta ga na haɗiye.