Taguwar da Na Musanya a Jega

Har yau in na ji ƙanshin sabon yadi, wannan mai ƙauri na sitaci, sai raina ya ɓaci. Kada ka ce tsufa ne. Dalili gare ni.

A Sabiyal aka haife ni, sa'ad da Nasara ba su daɗe da karɓe ƙasa ba. Kakata ta wajen uba ita ta rene ni. Tsohuwa ce mai kaɗi. Da lokacin kaka ya yi a tsinko mata auduga, ta gurje, ta shiɓe, ta zauna gindin rumbu da mazari da ɗan alli a yatsa. Abin da ta kaɗa ta kai wa masaƙi, ya saƙo mata fari mai faɗin tafin hannu. Naɗi guda ta ware cikin tukunya, shekara da shekaru tana ƙara masa. Kowa a gidanmu ya san likkafaninta ne. Haka tsofaffin wancan lokaci suke, ba su son a rufe su da wahalar wani.

Wata bazara zafi ya tsananta, ƙurajen zufa suka feso mini, rigata kuwa baƙa ce mai kauri. Sai ta buɗe tukunyar ta yanko mini.

"Kai ka fara sawa, miji," in ji ta, don haka take tsokanata. "Ni ban shirya tafiya ba tukuna."

Ni na ɗinka da hannuna. Kwana tara ina haɗa layi da layi a inuwar zaure, allura ta huda mini yatsu duka. Wuyan ya karkace, amma taguwa ce mai shan iska. In ka sa ta, zufa ba ta kwana a jikinka.

Ran nan na bi jakunan albasa zuwa kasuwar Jega. A nan na fara ganin akoko, farin yadin Nasara, sumul, ba haɗi ko ɗaya. Mai rumfar ya dube ni sama da ƙasa ya yi dariya.

"Yaro, wa ya sa maka tabarma?"

Mutane suka tuntsire. Ya ce don tausayi zai karɓi tawa ya ba ni rigar akoko. Tausayi! Ya san abin da yake yi sarai, ya ga zare mai nauyi wanda fatake ke nema. Ni kuwa na tuɓe a tsakiyar kasuwa, ina murna na zama ɗan birni.

Da na dawo kaka ta shafa rigar da yatsu biyu.

"Ina taguwakka?"

Na ce na sami wadda ta fi ta. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce in je in wanke ta gani.

Na wanke a bakin rijiya. Ruwan ya yi fari fat kamar an dama gari. Ashe sitaci aka ɗura wa yadin. Da ya bushe sai ga shi kamar rariya, kana hango rana ta ciki. Kafin damina ta tsaya ya yage a kafaɗa.

Kakata ta so ta mayar da abin da ta yanka, amma idonta ya riga ya yi rauni, zaren sai tsinkewa yake. Ta rasu kafin sabuwar auduga ta fito. Da aka warware naɗin bai isa ba. Mahaifina ya aika aka sayo ciko, kuma abin da aka samu akoko ne. Da shi aka rufe ƙafafunta. Ina tsaye ina gani.

Yanzu tela yana taka keke, ya gama riga kafin ka sha ruwa, jikokina kuwa suna dariyar taguwar da nake ɗinka wa kaina kowace bazara. Su yi ta yi, ni ma na taɓa bin masu dariya. Na nemi mai kaɗi har Andarai kafin in sami tsohuwa guda. Naɗin likkafanina yana nan cikin tukunya. Na sa an ƙara kamu shida a kai a madadin abin da kakata ta yanko mini, ko da yake na san babu wanda zan mayar wa.