Karan Dawa Goma Sha Biyu

Ranin da ya ƙare da kullen korona, lokacin da aka rufe masallatan Juma'a har azumi ya same mu a cikin gida, shi ne ranin da na yi wa maƙwabcina laifin da na shekara biyu ina ɗauke da shi.

Maƙwabcin nawa makaho ne. Ya girme ni da shekara shida, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam, rabi girmamawa rabi tsokana. Ba da makanta aka haife shi ba. Ciwon ido ne ya ci ganinsa a hankali bayan ya haura hamsin, amma bai bar noma ba. Yana da eka ɗaya a ƙarshen kanal ɗinmu, ta wajen hanyar Bunkure, inda ruwa yake isa a gajiye. Shi yake yanke abin da za a shuka da ranar dashe, 'yan ƙwadago su yi aikin. Yana da wata sanda ta gora da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa. Idan ya je gona sai ya tsoma ta a kanal, ya bi ta da yatsa har inda jiƙa ta tsaya, ya faɗi awa nawa ruwan zai yi kafin ya cika fili. Wani lokaci ma ba ya tsomawa. Yakan tsaya kusa da ƙofar ruwa ya karkata kai, ya ce yau an rage.

Tun da mai ɗakina ta rasu, yara kuma suka koma Kano, ba ni da wurin zama bayan la'asar sai dakalin ƙofar gidansa. Nakan kawo goro, shi ya kawo labari.

A farkon sanyin shekarar, ƙungiyarmu ta masu noman rani ta raba wata takarda. Za a yi gyaran babban kanal, don haka ruwa ba zai zo kamar yadda aka saba ba. A jikin takardar an zana sanduna goma sha biyu masu launin shuɗi a tsaye a jere, kowace tana nufin mako biyu, tsawonta kuma yawan ruwan da za a sako mana. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan rubutu na Turanci. Wannan bayanin na ji shi a wurin taro daga can baya, na karɓi takarda biyu, tawa da ta Yaya.

Ni a allo na tashi. Wasiƙa da duk abin da nake so in tuna, da ajami nake rubuta su. Boko na tsinci kaɗan bayan na girma, Turanci kuwa babu. Idan aka miƙo mini takarda, idona ba ya shawara da ni, daga dama yake farawa. Da na zauna a dakali na buɗe ta, sai na ga sandar da ke hannun dama guntuwa ce ƙwarai, ta kusa da ita ta ɗan fi ta, haka suna ta tsawo har zuwa hagu.

Yaya ya ce, "To Malam, me takardar ta ce?"

Na ce, "Ruwa zai fara kaɗan, Yaya. Sai tafiya ta yi nisa zai ƙaru. Can ƙarshen rani ne zai cika."

"Ka duba da kyau? Kada ka yi mini karatun gardi."

Na yi dariya na ce, "Zane ne fa, ko jariri zai gane."

Ya tauna goro, sannan ya ce tunda gonarsa a ƙarshen layi take, ruwa kaɗan ba zai kai mata ba. Zai jinkirta renon irin tumatir ɗinsa, ya yi dashe idan ruwa ya yawaita. Ni gonata a bakin ƙofar ruwa take, ko yaya aka sako ina samu, don haka na dasa albasata a kan lokaci.

Bayan mako uku na shiga Kura sayen taki, na haɗu da sakataren ƙungiyarmu, wani dattijo tsohon malamin makaranta. Na ce masa ina mamakin yadda kanal yake cike alhali takarda ta ce ruwa zai fara kaɗan. Ya zaro tasa daga aljihu, ya ɗora yatsa a kan doguwar sandar da ke hagu ya ce, "Ai nan ne farko. Yanzu muke cikin ruwa. Kullum raguwa zai yi, har a rufe gaba ɗaya."

Ban san yadda na hau adaidaita na dawo ba. Kai tsaye na nufi gidan Yaya. Har yau ina iya nuna inda na tsaya, a bayan katangar, domin daga nan na jiyo muryarsa. Ƙanensa ne ya zo yana ce masa kowa ya yi dashe, shi me yake jira. Yaya yana cewa, "Ku yi ta gaggawarku. Wannan cikar ta yaudara ce. Malam ya karanta mini takarda, shi kuwa bai taɓa karanta mini abu ba daidai ba."

Na juya na koma gida. Na ce gobe, idan yana shi kaɗai. Gobe ta yi na zauna kusa da shi, muka yi hirar tsadar taki. Na sake cewa gobe. A wannan lokacin, da an yi dashe, da an tsira da wani abu. Kunya ce kawai ta riƙe mini baki, ba wani dalili, na bincika zuciyata sau da yawa ban sami wani ba.

Ya yi dashe a makare. Tumatir ɗin yana cikin fure zafi ya sauko, ruwa ya daina kaiwa ƙarshen layi, daga baya aka rufe. Sai ga kulle. Mutane suna kuka da kullen nan, ni kuwa, Allah Ya yafe mini, ya zame mini mafaka, domin na sami hujjar daina zuwa dakali. Na yi azumin shekarar ni kaɗai a tsakar gida, in sha ruwa da kunun da 'yar ƙanwata take aiko mini, katanga ɗaya tsakanina da Yaya. Ina jin tarinsa, ina jin ƙarar butarsa.

Da aka buɗe gari sai na tarar an riga an yanke hukunci. Ƙanensa ya nemo takardar ya kai wa masu boko, suka ce ai ta faɗi gaskiya tun farko. Dangi suka zauna suka ce Yaya ne ya juya maganar a kansa, girma ya zo, ga rashin ido. Aka ce ya huta, ƙanen zai riƙa kula da gonar yana kawo masa amfani. Ba da mugunta suka yi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shi ma ya yarda. Ranar da na daure na je gaishe shi, ya ce, "Malam, ashe kaina ma ya fara bin idona. Kai ka faɗa mini daidai, ni na birkita." Na ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Abin da na iya cewa ke nan.

Daga nan zuwana ya koma na Juma'a zuwa Juma'a, daga baya sai a sallah. Bayan la'asar nakan ɗauki carbi in tafi bakin kanal in zauna a kan kwalbati, ina kallon Fulani suna shayar da shanu a ƙetare har rana ta yi ja. Babu wanda nake yi wa magana. Na yi istigfari ba adadi, amma na san haƙƙin mutum ba ya sauka da wannan kaɗai.

Shekara biyu a haka. Wata rana da hantsi ina wucewa ta ƙofar gidansa sai na ga sandar gorar nan mai tsaga an tokare ƙyauren akurkin kaji da ita. Ƙasa ta cike tsagogin. Na daɗe a tsaye ina kallonta. A nan ne abin ya faɗo mini: mutumin da ya shekara goma yana karanta ruwa a jikin sanda, ni na tsaya ina fassara masa sanduna da baki. Da na sa su a hannunsa tun farko, da bai buƙaci idona ba.

Tsohuwar takardar tana cikin gafakata, ban taɓa iya yar da ita ba. Na samo karan dawa busasshe, na zauna a zaure da wuƙa. Na auna kowace sandar zane da tsinken tsintsiya, na ninka tsawon sau huɗu, na yanka kara daidai da shi. Na kwaɓa laka na yi dogon gindi kamar tubali, na kafa karan a jere yadda suke a takarda, na bar shi kwana biyu a rana. Sau ɗaya akuya ta ture shi, na sake.

Na kai masa bayan la'asar. Yana zaune a dakali shi kaɗai.

"Wa nake ji kamar Malam? Yau sallah ce?"

Na ce, "Na kawo maka takardar waccan shekarar ce, Yaya. Ta ruwa. Ina so ka karanta da kanka."

Na ajiye a cinyarsa, na ce kowane kara mako biyu ne, tsawonsa ruwa. Ya shafa gindin lakar daga wannan gefe zuwa wancan, ya taɓa kawunan karan da tafin hannu. Kafin ya ce komai sai ya tambaya, "Ina farkon?"

Tambayar da ban yi ba ke nan, ni mai ido. Na kama yatsansa na ɗora a kan dogon karan da ke hagu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hannunsa yana gangarowa. Ya koma farko ya bi su da farce yana ƙyastawa. Dogayen suka yi ƙara mai kauri, gajerun suka yi siririya, na ƙarshe ko amo babu. Ya ce, "Haka kanal yake yi idan yana mutuwa."

Na ce, "Ni daga ɗaya gefen na karanta maka. Ba kai ka birkita ba. Abin da na faɗa maka shi ka riƙe, harafi da harafi. Kuma na gane kuskurena bayan mako uku, na zo har bayan katangar nan, na koma."

Ya sa hannu a dama ya bi karan a juye, daga guntu zuwa dogo, a hankali, kamar yana neman muryata ta wancan lokacin a cikinsu. Na ce idan ya yarda, in ba shi gonata ya noma rani biyu.

"Riƙe gonarka," in ji shi. "Tumatir Allah ne Ya ba da, Shi Ya karɓa. Shekara biyu, Malam. Ko gishiri na ce a ƙara a miya, sai in tsaya ina tunanin ko na riga na faɗa. Kana katanga ɗaya da ni."

Na ce, "Haka ne."

"Abin da ka faɗa mini yanzu, za ka faɗa a gaban ƙanena. Da bakinka, ba da kara ba."

Aka aika aka kira ƙanen daga injin casar shinkafa, ya zo da ƙaiƙayi a hula. Na maimaita komai, ban rage ba, har da tsayuwar bayan katanga. Ya dube ni ya dubi karan, ya ce, "Haba Malam. Haba." Ya tsuguna a gaban yayansa ya ce a yafe masa. Yaya ya ce masa ya tashi, ya je ya ciro masa sandarsa daga akurki.

Da sanyi ya sake shigowa ƙungiya ta raba sabuwar takarda. Wannan karon na kai wa sakatare ya nuna mini farkon, na yanka kara, na ɗaura zare a wuyan na farkon don hannu ya same shi ba tambaya. Yaya ya shafa sau biyu, ya tsaya a kan na bakwai da ya fi maƙwabtansa gajarta, ya ce a nan ne za a sha wuya, don haka a yi dashe kafin mako ya fita. Ƙanen ya ce to.

Da ya tafi muka rage mu biyu a dakali. Na ɓare goro na miƙa masa rabi. Ya karɓa ya ce, "Shi ke nan, Malam, ba na binka komai, duniya da lahira. Gobe ka zo da wuri, kuma ka daina sayen wannan goron mai ɗaci."