Furen da Mai Lambu Ya Kai Gida

Shekara ashirin da shida mai lambun ya yi yana ban ruwa a gonar masu bincike. Bai iya karanta takardun da suke rataya wa shuke-shuke ba, amma ya san wadda ke jin ƙishi tun kafin ganyenta ya langaɓe. Mutum ne mara yawan magana, shi ya sa ake hira a gabansa kamar ba kowa.

A haka ya ji labarin hops, wani tsiro mai hawa igiya, mai korayen furanni masu ɗaci. Dakta, matashiyar da ke kula da layin, tana gaya wa abokin aikinta cewa akwai wani sinadari a cikinsa mai kama da na jikin mace, ana gwada ko zai rage zafin da ke taso wa mata idan al'ada ta ɗauke.

Zafin nan kuwa ya san shi. Matarsa guga take yi a shagon wanki, kuma wata shida ke nan wuta na taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi na ɗiga kan fararen rigunan mutane. Sai ya riƙa tsintar furannin da suka zube yana cika aljihu. Kullum da safe ya dafa, ya zuba mata a filas.

A rana ta goma, Dakta ta ga fure ya leƙo daga aljihunsa.

"Baba, ina za ka da wannan?"

Ya gaya mata gaskiya.

"Ba a taɓa yi mata aiki a nono ba dai ko?"

Tiyon ban ruwa ya suɓuce daga hannunsa. Shekara huɗu da suka wuce an cire mata ƙari a na hagu. Shi ya riƙe mata jaka a bakin ɗakin tiyata.

"Irin wannan ciwon, wani lokaci sinadarin nan yana iya tayar da shi," in ji Dakta a hankali. "Ba mu gama sani ba. Kada ta ƙara sha sai likitanta ya ji."

Ko famfo bai tsaya kashewa ba. Bas ta maƙale a cunkoso, ya sauka ya ci gaba da ƙafa, numfashi sama-sama. Filas tara, kuma da hannunsa ya dafa.

Shagon cike da tururi. Tana can ƙurya tana goge wuyan riga, filas a gefenta. Ya ɗauka ya girgiza. Wayam.

"Kin shanye?"

"Malam, lafiya? Laka har gwiwa ka shigo cikin kayan mutane!"

"Na ce kin shanye?"

Abokiyar gugarta ta tuntsire da dariya. "Yaya, asiri ya tonu. Faɗa masa mana."

Matarsa ta kafe dutsen guga, ta sunkuyar da kai. "Ranar farko na kurɓa sau ɗaya, ɗaci kamar zai cire mini harshe. Tun daga nan a kwata nake zubarwa. Na ga kana sammako kana dafawa, na kasa gaya maka."

Ya lallaɓa ya zauna kan buhun wanki.

"Gobe za mu wurin likitanki," ya ce. "Mu faɗa masa kurɓa ɗayan nan. Mu faɗa masa zafin ma, ya nema miki abin da ya dace da ke."

Ta buɗe baki za ta tambaya, sai fuskarta ta fara tsattsafo da gumi. Ya yago kwali daga ƙasa, ya tsaya yana yi mata fifita har ta gama rigar.

Sai a lokacin ya tuna da famfon.