Yadda Malam Lawal Ya Koya wa Japanawa Kushe

A wani dogon gini da ke titin Northumberland Avenue, kusa da tashar Charing Cross, mutumin farko da baƙo yake tararwa shi ne Malam Lawal Bakori. Yana zaune bayan tebur da baƙar kwat da furfurar gemu, yana rubuta sunayen masu shiga yana ba su kati. Shekararsa sittin da ɗaya. Yawancin masu wucewa ta gabansa ba su san ya yi shekara goma sha huɗu yana koyar da Turanci a wata sakandare a Funtuwa ba, inda ɗalibai suka raɗa masa suna Jan Biro, don ba ya mayar da takarda sai ta koma kamar an yanka kaza a kanta.

Ƙaro karatu ya kawo shi Landan a 2006. Karatu ya ƙare, zama ya ɗore, ya ɗauko matarsa Hajiya Hamdatu da 'yarsu Nimatu suka samu flat a Plumstead. Da farko aikin koyarwa ya nema. A wata makaranta shugabar ta yi masa murmushi ta ce, "We'll bear you in mind," wato za su riƙe shi a rai. Ya dawo gida da kaji biyu, aka yi farfesu. Wata uku yana jiran waya kafin wani ɗan'uwa ya fahimtar da shi cewa sallamarsa aka yi tun ranar. Haka ya karɓi aikin ƙofa, kuma bai taɓa raina shi ba.

A hawa na huɗu na ginin akwai wani kamfanin Japan mai jigilar kaya ta ruwa. Cikin ma'aikatansa akwai Kuroda, injiniya mai shekara hamsin da 'yan kai, wanda kullum da safe yake sunkuya wa Malam Lawal, shi kuma ya dafa ƙirji ya amsa. Gaisuwa kaɗai ke haɗa su, sai wata Alhamis da Kuroda ya fito daga lift fuskarsa cike da fara'a.

"Lawal-san, yau na ci nasara," in ji shi da Turancinsa mai tafiya a hankali, yana ƙara "san" ɗin da Japanawa ke liƙa wa suna don girmamawa. Ya ce ya gabatar da wani sabon tsari gaban manyan kamfanin, Turawan Ingila. Ɗaya ya ce tsarin "very brave" ne, wato na jarumta. Wani ya ce "interesting", mai ban sha'awa. Shugaban taron kuma ya ce za a sake waiwayarsa.

Malam Lawal ya so ya yi masa kara ya yi shiru, don ba wanda ke son ya zama mai ɓata wa mutum murna. Amma ya tuna farfesun nan da wata ukun da ya yi yana kallon waya.

"Kuroda-san, zauna," in ji shi. "Idan Bature ya ce maka shawararka ta jarumta ce, nufinsa ba mai hankalin da zai yi ta. Waiwayar kuwa, kada ka jira ta."

Kuroda ya zauna. Can sai ya fashe da dariya har ya cire tabarau yana share ido.

"Ai mu ma haka muke!" in ji shi. "A Osaka in mutum ya ja iska ta haƙora ya ce abin yana da ɗan wuya, to magana ta mutu. Ni na ɗauka Turawa kai tsaye suke faɗar abu."

"Mu kuma a Bakori," in ji Malam Lawal, "in ka kai wa dattijo buƙata ya ce 'to, bari mu gani', ɗauki takalminka kawai."

Daga wannan hirar aka samu ajin da Malam Lawal ke koya wa Japanawan kamfanin irin wannan Turanci. Mai kula da ginin ya ba su wani ƙaramin kicin a ƙasa, kowace Talata lokacin hutun abincin rana. Mutum uku suka fara zuwa, kafin wata biyu sun kai bakwai. Malam Lawal ya sayo farin allo a Woolwich ya zana tsani a kai. A matakalar ƙasa ya rubuta "not bad", ya ce wannan yabo ne da ya sa rigar kushe, in an faɗa maka shi ka yi murna. Sama da shi ya sa "a bit disappointing", ya ce kada ƙanƙantar kalmar ta ruɗe su, mai faɗarta ransa a ɓace yake. Sai "sloppy", aikin ganganci, da "shoddy", aikin ha'inci. Can ƙoli ya rubuta "rubbish", shara. Da suka zo kan "nitpick" ya kama kan Kuroda yana kwaikwayon mai tsince kwarkwata, don su gane mai neman laifi a inda ba shi. Suka yi ta dariya suna rubutawa. Da suka ji cewa "malam" daidai yake da "sensei" a harshensu, sai suka daina cewa Lawal-san, kowa ya koma kiransa Malam.

Ganewa ba ta yi musu wuya ba, furtawa ce ta gagara. Wadda abin ya fi damu ita ce Satomi, wata mata mai kula da littattafan tallan kamfanin. Sau uku wani gidan ɗab'i yana kawo mata aiki da hotuna a karkace, sau uku tana sunkuyawa tana godiya, sannan ta koma teburinta ta kasa cin abinci.

A lokacin Hajiya Hamdatu ta tafi Katsina sunan jikan yayarta, ta bar Malam da tukunya. Ranar Lahadi ya hau bas zuwa Peckham, ya sayo busasshen zogale da gyaɗa a Rye Lane, ya ce zai yi dambun shinkafa. Dambun ya fito a bushe kamar tsakuwa, gishiri kuma ya yi masa yawa. Ba da gangan ya ɓata shi ba, ko da yake daga baya ya so a ɗauka haka. Ranar Talata ya zuba shi a kula ya kai aji, ya raba wa kowa a faranti.

"Yau ba allo," in ji shi. "Ku ci, ku gaya mini gaskiya."

Suka ci suna taunawa da ƙyar. Kowa ya ce da daɗi. Wani ma har ya nemi ƙari, idonsa na hawaye.

"Ƙarya kuke yi, kuma Allah yana gani," in ji Malam Lawal. Ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofa. "Ba mai fita sai an kushe dambun nan."

Sai Satomi ta ajiye cokali, ta dubi farantinta, ta ce da ƙaramar murya, "Malam, it is a bit dry." Ya ɗan bushe, in ji ta.

"Ɗan bushe? Hau tsani!"

Ta ɗago kai. "It is very dry. And the rice is not cooked." Ya bushe ƙwarai, shinkafar ma ba ta dahu ba.

Malam Lawal ya miƙe yana tafi. Kuroda ya gyara murya ya ce gishirin kam "very brave" ne. Kicin ɗin ya kaure da dariya har mai shara ya leƙo ya ga ko lafiya.

Washegari Satomi ta kira gidan ɗab'in. Ta ce musu aikin "sloppy" ne, ba za ta karɓa ba, a sake shi kafin Juma'a. Mutumin da ya ɗauki wayar ya ba ta haƙuri ya ce za a sake. Ta sauko ta matakala don ta kasa jiran lift, ta tsaya gaban teburin Malam.

"Bai yi fushi ba, Malam! Har godiya ya yi mini!"

Da Hajiya Hamdatu ta dawo ta ji labari, ta riƙe haɓa. "Malam, yanzu sunan gidana ka kai wa baƙi da wannan dambu? Wallahi sai sun zo sun ci na gaske."

Da Babbar Sallah suka zo Plumstead su bakwai, suka cire takalma a ƙofa ba wanda ya ce musu, abin da ya sa Hajiya ta so su nan take. Ta yi dambu mai laushi da soyayyen naman rago da zoɓo mai citta. Kuroda ya ci faranti biyu, ya dubi Malam ya tambaya ko akwai matakala a ƙarƙashin tsanin, don ya rasa abin kushewa.

Yanzu ajin ya shiga shekara ta uku. Kuroda ya koma Osaka, amma yakan turo hoton jikarsa da gaisuwa. Cikin sababbin ɗalibai har da 'yan Koriya biyu da wata mata daga Brazil. Malam Lawal yana nan a teburinsa daga bakwai na safe zuwa huɗu, ya ce in ya yi ritaya zai nemi ƙaramar hukumar unguwarsu ta ba shi ɗaki a laburaren Plumstead.

Kwanan baya Nimatu, wadda yanzu nas ce, ta biyo ta wajen ranar hutunta ta zauna a bayan aji. Hausa take ji sarai, amma da Turanci take amsawa. Da aka tashi ya tambaye ta yaya ta ga darasin.

"It was lovely, Baba," in ji ta. "The jokes need work."

Wato darasi ya yi kyau, amma barkwancinsa na buƙatar gyara. Malam Lawal ya kira ɗaliban da suka fara fita su dawo, ya ɗauki alƙalami ya rubuta maganar a allo, ya ce kowa ya kwafa, mako mai zuwa da ita za a fara.