Matar da Ta Ci Zaɓe Ta Koma Murza Mai

Shekara goma sha ɗaya Solveig Haugland ta yi tana yi wa mijinta ƙarya da hannu bibbiyu. Mijin, Torvald, direban motar madara ne a jihar Washington, kuma ya rantse majarin, man kantin nan da ake yi da tsirrai, ba zai shigo gidansa ba. Sai dai albashinsa bai kai ga man shanu ba, ga bakuna biyar na jira.

A lokacin doka ta hana sayar da majarin mai ruwan ɗorawa, don kada ya kashe wa man shanu kasuwa. Fari fat ake sayar da shi, haɗe da ɗan ƙullin rini. Kowace Talata, da Torvald ya fita, sai ta sayo a ɓoye, ta zauna ta yi ta murza rinin a ciki har yatsunta su sage, ya fito kamar man shanu. Gogan kuwa ya shafa a burodi ya lumshe ido.

"Kin ji aikin saniya! Ni harshena ba ya ruɗuwa."

"Ai kai gwani ne, maigida," in ji ta.

A 1952 aka kawo maganar gaban masu zaɓe na jihar baki ɗaya: a bar kamfani ya rina, ko a'a? Torvald ya liƙa "A'a" a jikin motarsa, ya bi gida-gida yana wa'azi har muryarsa ta dishe. Solveig ta goge masa riga, ta raka shi rumfar zaɓe, ta ja labule, ta zaɓi "E" da yatsun nan masu ciwo.

"E" ta yi rinjaye. Murna kamar ta kashe ta, amma ta taya shi jimami har da girgiza kai. Da rinanne ya shigo kanti ta sayo, ta ajiye masa a faranti.

Ya ɗanɗana, ya ture.

"Na dokar nan ne wannan! Ni za a cuta? Man shanu na gaskiya yana da ɗan fari-fari a cikinsa, irin wanda kika saba kawowa."

Fari-farin nan kuwa inda hannunta ya gaji ne. An gudu ba a tsira ba. Matan jihar suka huta, ita ta koma kanti tana roƙon fari, ta ƙara shekara goma sha bakwai tana murzawa.

Talatar farko bayan an binne Torvald, ta shafa farin haka nan a burodi, ba rini. Ɗanɗanon ɗaya ne. Ta yi dariya, sannan ta fashe da kuka, domin babu sauran wanda za ta yi wa ƙarya.